Koren Fentin Obrad

Talata, 18 ga Afrilu

An gama bikin Ista, saura ƙwai. Matata Zorka ta rina abin da zai ishi bataliya guda, yanzu ni ne bataliyar.

Obrad ya zo da yamma. Yayan matata. Tun ranar aurenmu nake neman laifin da na yi aka haɗa ni da shi, har yau ban samo ba. Bai zauna ba, bai karɓi kofi ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana murza hula, ya ce ɗansa Danilo zai zo daga Jamus don slava, bikin waliyyin gidansu, ranar shida ga Mayu. Zorka ta riga shi sani, don ita yaron ya kira. Ya kuma ce mata ta gyara masa gado a ɗakin littattafaina, kamar yadda ta yi lokacin jana'izar uwarsa. Wato zai zo bikin gidan ubansa, amma ba zai kwana gidan ubansa ba. Wannan ɓangaren ba ta faɗa wa Obrad ba. Na ga alamar ba ya bukatar a faɗa masa.

Da zai fita ya ce, "Farfesa, Asabar ba makaranta ko? Ina son a kama min wani abu." Na ce hannuna alli kawai ya saba riƙewa. Ya ce abin bai fi allin nauyi sosai ba.

Laraba, 19 ga Afrilu

Na san ko mene ne. Keken ne.

Danilo yana ɗan shekara sha tara ya kwashe hutu guda yana tsinkar 'ya'yan itace a gonakin mutane, ya sayi keken tsere na alminiyam, shuɗi, wanda ake ɗagawa da yatsa biyu. A ɗakinsa yake kwana da shi. A shekarar ana yawan satar kekuna a tashar jirgi, kuma kowa a Sombor ya san dabarar: ɓarawo ba ya ɗaukar mummunan keke. Sai Obrad, uba mai hangen nesa, ya jira yaron ya tafi Novi Sad rubuta jarrabawa, ya ɗauko buroshi da ragowar fentin ƙofar gida, ya shafe keken tun daga kai har gindi. Kore. Koren nan nasa da ke jikin ƙofa, da benci, da famfo, da gidan kare. In kaza ta daɗe a tsaye a gidan nan ita ma kore za ta tashi.

Yaron ya dawo, ya duba. Bai sake hawa ba. Shekara na zagayowa ya tafi. Ba keken kaɗai ba ne, an yi ta tarawa, amma kowane gida yana da abu guda da yake rataya sauran a jiki. Obrad har gobe cewa yake, "To, an sace shi?" Ba a sace ba kam.

Asabar, 22 ga Afrilu

Mun sauko da shi daga saman rumfa. Ƙura, yanar gizo, da gashin buroshi da ya bushe a cikin fentin, kamar ƙudan da ya mutu a zuma.

Obrad ya kwance komai: tayoyi, sarƙa, feda, sirdi, birki. Ya jera su a kan tsohon bargo da tsari irin na likitan tiyata. Ya rage firam ɗin tsirara. Shirinsa shi ne a cire koren, shuɗin ya fito, yaro ya zo ya ga kekensa kamar yadda ya saya. Na ce me zai hana ya kira shi ya tambaya ko yana so. Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a coci. "A tambaya? To ina abin mamakin?" Na ce wancan karon ma ai ya ba shi mamaki. Ya ce in riƙe nan, in daina karatu.

Maganin cire fenti ya sayo a kanti, mai kauri kamar kunun da ya kwana, warinsa har ƙwaƙwalwa. A shafa da buroshi, a naɗe da leda, a jira. Jiran ne ya fi ba shi wuya. Kowane ɗan lokaci sai ya ɗaga ledar ya leƙa, kamar amarya da tukunyar farko. Can sai koren ya fara yamutsewa yana tashi kamar fatar tsohuwa a ruwan zafi. Na kankara da wani ɗan faifan roba, don mai kanti ya ce kada a sa ƙarfe, alminiyam ba ya son rauni. Sai ga shuɗi.

Obrad ya sunkuya. Ya sa babban yatsa ya shafa wurin. Ni kuma na duba itacen goro na maƙwabta, wanda ba shi da wani abin kallo.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Yatsuna sun yi kore. Gobe zan koyar da waƙoƙin soyayya da hannun kwaɗo.

Talata, 25 ga Afrilu

Maganin bai san bambancin fentin uba da na masana'anta ba. Inda ya ci koren sosai ya taɓa shuɗin, ya bar shi dabbare-dabbare. Inda bai ci ba, a lungunan walda da ƙarƙashin sirdi, koren ya kafe kamar ya biya haya. Ba yadda za a yi, sai an kwashe duka har ƙarfe, a kai wa Feri mai fentin mota ya fesa sabon shuɗi. Feri ya ce a kawo masa tas kafin hutun ranar ma'aikata, in ba haka ba sai bayan biki.

Na je bayan makaranta. Ba wanda ya kira ni, amma Zorka ta ba ni miya in kai masa. Muka zauna da samfefa da tsohon buroshin haƙori. Na lura shuɗin ya fi taurin kai. Na ce masa a littattafai ma haka ne, abin da aka fara rubutawa ya fi wuyar gogewa. Ya ce, "Kai dai in aka ba ka cokali sai ka yi masa wa'azi."

Ya tambaye ni ko yaron ya yi ƙiba. Na ce ban sani ba. Na sani, Zorka ta nuna min hoto. Ya fara sanƙo irin na ubansa, daidai wurin.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Obrad ya gaji da samfefa. Ya ce yana da dabara. Duk bala'in da ya taɓa sauka a gidan nan da wannan kalma ya fara.

Asabar, 29 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Dabarar ita ce sodar sabulu. Irin wadda uwarsu take dafa kitse da ita bayan yankan alade, ta yi sabulun da ke wanke kaya har da fatar mai wankin. Akwai rabin buhu a rumfa tun zamaninta. Da ita Obrad ya cire fentin tagogin gidan nan, da ƙofar murhu, da tsohon keken ubansa na baƙin ƙarfe, duk suka fito fes. Duk unguwar haka ake yi. Na ce, wannan fa alminiyam ne. Ya ce, "Ƙarfe ƙarfe ne, Farfesa." Wani abu ya motsa min a can bayan kai, daga ajin kimiyya na shekaru aru-aru, amma bai fito ba. Waƙoƙin da na haddace a shekarar duk suna nan daram.

Muka jawo kwamin katako da ake zuba wa alade ruwan zafi a ciki don cire gashinsa, muka cika da ruwan ɗumi, ya zazzaga soda da hannun mai kyauta. Muka kwantar da firam ɗin a ciki, ni ta gaba shi ta baya, kamar masu saka jariri a wanka. Ya ce mu je mu ci abinci, kafin mu dawo an yi mana aikin.

Zorka ta dafa miyar kifi da jan barkono a tukunyar rataye. Muka ci, muka ƙara. Aka sha rakiya, barasarsu ta gida, ɗan kaɗan, aka ƙara ɗan kaɗan. Obrad ya kishingiɗa a benci, ni a kujera. Zorka ce ta tashe mu: "Yaya, me kuka ɗora a wuta a bayan gida?"

Ba wuta. Kwamin ne yake tafasa shi kaɗai, yana huci, ruwan ya koma baƙi ƙirin, tururi mai yanka maƙogwaro yana tashi. Kare ya shige gidansa ya juya mana baya. Obrad ya nufi kwamin da hannu tsirara, na riƙe rigarsa, ban san ina da wannan ƙarfin ba. Da manjagara muka kamo firam ɗin. Muka sakar masa ruwan famfo, Zorka ta juye masa duk ruwan tsamin da ta tanada don kabeji.

Fenti kam ya fita. Babu kore, babu shuɗi. Amma ƙarfen ya yi toka-toka, jikinsa duk ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana. A ƙasan babban bututun, inda ya fi siriri, na ɗaga shi sama na ga rana ta cikinsa. Huji uku ko huɗu, kamar na allura.

Garin gyaran gira. Ban faɗa ba. Na lura ban faɗa ba, shi ya sa na rubuta.

Obrad ya zauna a bakin kwamin. Abin da ya ce kawai: "Da tagogi ba ta yi haka ba."

Lahadi, 30 ga Afrilu

Bai je coci ba.

Talata, 2 ga Mayu

Duk gari yana bakin ruwa ana gasa nama, mu muna garejin Feri, wanda ya buɗe mana don Obrad ya yi ta buga masa ƙofa. Ya juya firam ɗin, ya ƙwanƙwasa da farce, ya matsa bututun da yatsa, sai ya lotsa kamar gwangwanin lemo. Ya ce zai iya cike ramukan ya fesa, ya yi ƙyalli har a ga fuska a jiki. "Amma in ɗanka zai hau ya gangara gadar magudanar ruwa, Obrad, ba da fentina ba." Obrad ya ce a fesa kawai, ba lallai ya hau ba. Feri ya ce, "Ka taɓa ganin wanda aka ba keke bai hau ba?"

A hanya na kawo tawa dabarar, don ni ma ina da su. Na ce kasuwar tsofaffin kaya ta Subotica cike take da irin wannan firam. A sayo wani, a fesa shuɗi, a ɗaura masa tayoyin da sirdin. Wa zai sani? Rabin manyan labaran duniya a kan musanya jariri aka gina su, kuma yawanci sai a babi na ƙarshe ake ganewa.

Obrad ya juya firam ɗin. Sai ya nuna min wata 'yar lotsawa kusa da kai, wadda sodar ba ta ci ba. Ya ce ranar da yaron ya sayo keken ya faɗi a kwanar gidan burodi, ya shigo yana kuka, ƙato da shi, ba don gwiwarsa ba. "Nan zai fara dubawa."

Ban san Obrad yana ganin irin waɗannan abubuwa ba. Na ɗauka kore kawai yake gani.

Laraba, 3 ga Mayu

Obrad ya naɗe firam ɗin a bargo ya mayar rumfa, bayan kujerun biki. Ya ce kada wanda ya ɗaga zancen. Zorka tana can tana taya shi dafa alkama da soya abubuwa. Ta ce ya sa gishiri a kofi.

Juma'a, 5 ga Mayu

Danilo ya iso a motar safe. "Kawu, ka tsufa." Na ce shi kuma kansa ya fara haske. Ya rungumi gwaggonsa ya daɗe. Ya ajiye jaka a ɗakin littattafai, ya ce ɗakin yana nan da warinsa na tsohuwar takarda da taurin kai.

Da rana ya je ya gai da ubansa, tare da ni, don ya ce in raka shi. Suka yi musabaha kamar jakadun ƙasashe biyu da ke rigimar iyaka. Yaya hanya. Lafiya. Yaya aiki. Lafiya. An yi ruwa a can? Ana yi. Obrad yana ta ɓoye hannunsa na dama a aljihu, inda soda ta ɗan taɓa shi. Na yi ta zuba kamar rediyo don a cike wurin. Na yi maganar farashin kabeji. Ni.

Tikitinsa na komawa na ranar Litinin ne.

Asabar, 6 ga Mayu

Slava. Zan rubuta kafin in manta yadda aka yi.

Da safe, kafin limamin coci ya zo, Zorka ta ce kujeru ba su isa ba. Kafin wani ya motsa, Danilo ya ce ya san inda suke. Na ga fuskar Obrad. Muka bi shi, ni da shi, kamar masu bin gawa.

Mun same shi ya yaye bargon. Yana riƙe da abin da hannu ɗaya. Babban yatsansa a kan lotsawar nan.

"Wannan kekena ne?"

Obrad ya cusa hannunsa a aljihu.

"Ka sake taɓa min kaya ba ka tambaye ni ba."

A hankali ya faɗa, da ma ihu ya yi. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa, ina cewa ai ni ne, a wani littafi na karanta cewa soda... Obrad ya ce, "Farfesa, rufe mana baki. Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa." Ya juya wurin ɗansa. "Ni ne. Wancan ni ne, wannan ma ni ne. So na yi in mayar maka da shi yadda yake." Ya tsaya, yana neman sauran maganar a ƙasa. "Ban san me zan yi da shi ba yanzu. Kai za ka faɗa."

Tun da na san Obrad ban taɓa jin ya ce bai san abin yi ba. Ko a asibiti, lokacin jinyar matarsa Milka, likitoci yake ba shawara.

Danilo ya ɗaga firam ɗin wajen haske, ya ga hujin. "Da me ka yi wannan?"

"Sodar kakarka."

"Ta sabulu?"

"Ita."

"A ina?"

"A kwami."

"Kwamin alade, Baba?"

"To wane kwami gare mu?"

Yaron ya zauna a kan kujerun da ya zo ɗauka, ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ban san ko dariya ce ko ɗayan ba, ina jin shi ma bai sani ba. Da ya ɗago ya ce, "Ka san a Jamus sai an ɗaure ka?" Obrad ya ce shi ya sa bai je ba. Ya ga hannun uban, ya kama ya juya, ya ce wannan fa? Obrad ya ce murhu ne. Danilo ya ce, "Murhu." Zorka ta ƙwala kira daga tsakar gida cewa liman ya iso, kujeru kuma ba su da ƙafar zuwa da kansu.

An kunna kyandir, liman ya yanka burodin biki ya zuba masa ruwan inabi. Sai wurin juya burodin, inda mai gida da wani namiji na gidan suke riƙewa su juya shi a tafin hannu, su karya, su sumbaci juna sau uku. Tun da yaron ya tafi ni nake tsayawa, kowace shekara ina ƙorafin gashin bakin Obrad mai warin taba. Na matsa gaba bisa sabo. Sai na ga akwai hannu a wurin. Na ja baya na taka ƙafar matar Feri.

Rabin Danilo ya fi girma da aka karya. Tsofaffi suka ce shekarar tasa ce. Na rasa inda zan sa hannuwana, sai na riƙe kwanon alkama har aka gama.

Danilo ya tsaya wanke kwanuka. Nan gidanmu ya dawo ya kwana. Zorka ta ce kada in ce komai, ban ce ba.

Lahadi, 7 ga Mayu

Bayan karin kumallo ya fito da jakarsa. Ya ce gadon ɗakin littattafai yana sa masa ciwon baya, kuma gidan ubansa ya fi kusa da tasha. Gadon lafiyarsa ƙalau, tasha kuma bayan gidanmu take. Zorka ta shiga kicin ta daɗe tana yanka albasar da ba a bukata.

Na samu ɗakina. Na zauna na buɗe littafi. Shiru sosai. Da ma abin da nake so ke nan.

Talata, 9 ga Mayu

Ya ɗaga tikitin zuwa ƙarshen mako, in ji Zorka.

Na tashi makaranta da wuri. Ba miyar da za a kai. Na bi ta kanti na sayi samfefa mai laushi, don ta gida ta ƙare, ko da yake ban san me nake gogewa a gida ba. Ƙafa ta bi da ni ta layinsu.

Tun daga kwana ake jin su. Obrad yana cewa me za a yi da keken da ba a hawa, a ba Feri ya fesa a rataye a huta. Danilo yana cewa, "Ban sani ba tukuna, ka bari in yi tunani, nawa ne." "To na hana ka? Tambaya na yi!" "Ka ga, ka fara iyawa." Sannan ƙarar goge ƙarfe, hannu biyu, ba sa tafiya tare. Ihu suke irin na mutanen da ba inda za su.

Na tsaya a bakin ƙofa. Ba su bukatar mai riƙe musu komai, kowa ya ga haka. Na juya zan wuce sai kare ya tona min asiri.

"Farfesa! Shigo ka raba mu, yaron nan zai kashe ni."

Na ce wucewa nake, laburare za ni. Danilo ya ce, "Kawu, laburare ai can gabas take." Obrad ya ce, "Ƙyale shi, mai ilimi ne, ta doguwar hanya yake bi." Ya tura min kujera da ƙafa, bai ko ɗago ba.

Laburare dai tana nan, ba inda za ta.